Fatar layya da hannuwan da take bi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa mata, don idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙen nan na waya. Ka tambaye ni abu biyu: me ya sa a gidanmu ba a miƙa fatar ragon layya ga yaran da ke bi gida gida suna tarawa, sai dai a kai ta majema, sannan ko dukanci har yanzu yana riƙe gida, tunda kana tunanin ɗaukar kayan dukawan Damagaram ka riƙa tallarsu a WhatsApp can Yamai.

Ta farkon ba ta da wuya. Malamanmu na Malikiyya sun ce ba a sayar da komai na dabbar layya, ko nama ko fata, kuma ba a biyan mahauci ladan fiɗa da ita. Ko ka yi amfani da abarka, ko ka bayar sadaka. Masu kai wa masallaci ko makarantar allo ba su yi laifi ba. Kakanku dai yana ganin abin kunya ne baduku ya yanka rago, fatar ta fita daga gidansa ɗanya ba ta dawo ba. Buzun da nake salla a kai yau na ragon layyar shekarar da aka yi sunanka ne. Gashin wajen goshi ya ƙoƙe, amma ko tsaga ɗaya babu.

Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashin wannan al'ada, kuma shi ne amsar tambayarka ta biyu. Fata ɗaya ba mutum ɗaya take ciyarwa ba.

Tun kana ƙarami kake toshe hanci in mun wuce majema, shi ya sa ba ka taɓa tsayawa ka ga aikin ba. In fatar akuya ta zo, sai a jiƙa ta ta yi laushi, a tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki. Majemi ya ɗora ta a kan gungume ya kama kartaji, wuƙar kankare fata, hannu biyu yana kankarewa, ya sunkuya tun hantsi har azahar. Daga nan a sa ta cikin ruwan kashin tattabaru ko na tsiron fatakka, wanda shi ne warin da kake gudu, kuma shi ke sa fata ta yi taushi kamar ƙyalle. Sannan bagaruwa. Ƴaƴan bagaruwar nan mata da yara ne ke tsinto su a ƙauye su kawo kasuwa, wasu matan su daka, ka ga mutum biyu ke nan sun ci abinci tun fatar ba ta zama komai ba. Ta kwana cikin ruwan bagaruwa ana juyawa ana sabunta ruwan, a fitar, a shafe ta da man gyaɗa, a yi ta buga ta ana ja, a shanya. Majemin kirki yana murza gefen fata tsakanin yatsa biyu ya gaya maka ko bagaruwa ta ratsa ko tsakiyar ɗanya ce. Wadda ba ta ratsu ba, damina ɗaya za ta tona asirinta.

Sai ta zo hannunmu. Ja daga karan dafi ne, wato kuben karan wata irin dawa da ake nomawa don rini kawai, a haɗa da kanwa. Rawaya daga gangamau. Baƙi kuwa kuloko, wanda ake jiƙa kashin maƙera, wato dattin ƙarfen maƙera, a samu, to ka ga har maƙeri ya shigo. Shi ne kuma ya ƙera mana wuƙa da basilla. Kakarku da kishiyarta su ke tufka siraran igiyoyin fata na rataya laya, kuɗin nasu ne, kakanku ba ya taɓawa. Ƙirga da kanka: makiyayi, mahauci, mai bagaruwa, majemi, mai karan dafi, maƙeri, baduku, matan gida, dillali. A kan fatar akuya guda.

Garin nan namu na Damagaram ma da haka ya ginu. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa har maƙeransa suka zuba masa igwa a nan cikin gari, ayarin raƙuma daga Kano ta nan yake bi ya nufi Agadas da Gat har Tarabulus. Fatake da Buzaye a Zango suke sauka, sunan unguwar ke nan ai. Jemammun fatun akuya na ƙasar Hausa na cikin abin da ake ɗaura wa raƙuma, su kuwa Turawa da suka same su a hannun Larabawan arewa sai suka riƙa kiransu fatar Maroko. Sunan ya tafi wurin wani, gumin ya tsaya nan. Faransawa suka ci garin a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kaya suka juya kudu, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai. Duk da haka dukanci bai girgiza ba, saboda mai sayenmu na gaskiya ba Bature ba ne, maƙwabci ne. Manomi na son guga da salka da taiki. Almajiri na son gafaka. Mai doki na son ragama da linzami da kayan sirdi. Kowace mace na da tandun kwalli, kowane jariri da layarsa, kowane namiji da kuben wuƙarsa da alabe.

Roba ce ta karya mu, ba lalaci ba. Gugar yau tsohuwar tayar mota ce, salka ta zama jarka, takalmin roba ya fi namu araha nesa ba kusa ba. Ba na zagin talakan da ya saya, aljihunsa ya duba, ko da yake araha ba ta ado. Ga kuma wata sabuwa: fatar saniya da muke yin kirgi da ita yanzu ƴan kasuwa ke kwashewa su kai Najeriya a yi ganda a ci, mai kyau ta akuya kuma manyan masana'antun jima na Kano ke janyewa. Baduku na takarar fata da tukunyar miya!

Akwai wani lokaci da muka ɗauka mun sami mafita. Turawa ƴan yawon buɗe ido masu zuwa Agadas suna ratsowa ta nan, su yi hoton zanen gidajen Birni, su sayi tumtum da jakunkuna. Bayan da aka karya darajar sefa a 1994 kayanmu suka zama kamar kyauta a wurinsu. Da yawa cikinmu suka watsar da aikin gida suka koma yi wa baƙi, ni ma har da ni. Da tsaro ya lalace a arewa ƙafarsu ta ɗauke, muka waiwaya muka tarar maƙwabcin ya saba da roba. Matan Mirya masu ginin tukwane sun fi mu wayo. Ba su taɓa barin randa da tulu ba, kuma muddin ana zafin watan huɗu a Damagaram, ruwan randa ba zai rasa mai so ba.

To yana riƙe gida? Yana riƙewa, amma ba shi kaɗai ba, kuma ko da can ma haka ne. Kakanku da damina gona yake, basilla sai kaka ta yi. Cinikinmu na da lokaci: gab da salla, sa'ad da masu hawa ke gyaran kayan doki, da bayan girbi, lokacin bukukuwan aure. Tsakanin nan sai gyaran takalmi da ɗinkin laya, abin cefane dai. Wanda ya ƙware a kayan doki ko gafaka mai kyau yana aurar da ƴaƴansa da sana'ar. Wanda ke yi wa dillali aikin gaggawa da fenti na kanti, kullum cikin bashi yake, ranar Alhamis ya kwashi kaya zuwa Kasuwar Dole ya sayar yadda ta kama. Kasuwa a kai miki dole, in ji masu magana, mu kam har sunan ya dace da mu.

Game da tallarka, ban hana ba, har na ji daɗi. Amma ka ji wannan. Shekarun baya wani mutum ya zo da kyakkyawar riga da daɗin baki, ya ce zai kai kayanmu baje koli a Yamai. Na ba shi tumtum goma sha biyu, aikin wata biyu, fatun ma bashi na ɗauko a majema. Har yau ban ga ƙeyarsa ba. Sai da na sayar da tunkiyar gwaggonka na biya majemi, don in na ɓata da shi sana'ar ta ƙare, shi ne ke ba ni fata a kan amana tun zamanin ubansa da ubana. Saboda haka in za ka ɗauki kayan mutum, ka ba shi kafin alƙalami tun farko ya sayi fata da shi. In ya yanka maka kuɗi kada ka tsaya kana ja kamar mai sayen albasa, ka tambaye shi kwana nawa ya yi a kai. Kuma in mai saye ya ce aikin wa ne, ka ce na Damagaram ne, kada a sake mana irin ta Maroko.

In Allah ya kai mu layyar bana kana can ba ka samu zuwa ba, da an feɗe ragon ka shimfiɗa fatar a inuwa, gashi ƙasa, ka zuba mata gishiri sosai tun ranar, har gefe gefe da wajen wuya. Kada ka ƙulle ta a leda, ruɓewa za ta yi. In ta tsane ka naɗe ka ba direban da ka yarda da shi, ni zan kai ta majema da kaina. Gwaggonka na gaishe ka, ta ce kuma tunkiyar nan har yanzu tana bina.