Fitowa daga akwati ba shi ne yaye ba

Kai yaro, ka ce 'ya'yan bajji, ƙaramin akun nan, da ke keji na uku sun fito daga akwatin ƙyanƙyasa, wai ko ka raba su da iyayensu mu kai kasuwa. Kada hannunka ya taɓa su. Tambayar nan taka ta tayar mini da wani tsohon miki, shi ya sa zan tsaya in yi maka bayani.

Shekarun baya, a tsakiyar hunturu, wani dillali ya shigo gidan nan ya ga 'ya'ya 11, masu kwana 30 zuwa 35 da ƙyanƙyasa, gashi ya cika, shuɗi da kore gwanin sha'awa. Na ce masa ba su isa ba. Ya rantse da Allah ya iya ɗura, har sirinji ya zaro daga aljihu ya nuna mini. Ya biya rabi, ya ce cikon sai ya sayar. Kwana 4 sai ga shi da baƙar leda, ya zazzage mini gawa 8 a ƙofar gida, gaban mutane, yana cewa masu ciwo na haɗa shi da su. Na ɗauki ɗaya na shafa, ƙashin ƙirjinsa kamar kaifin wuƙa, jakar abincin da ke ƙasan wuya kuwa wayam. Yunwa da sanyi suka kashe su. Gero kawai ya watsa musu ya tafi harkarsa. Cikon kuɗina har yau shiru, ukun da suka rayu ya sayar ya ci, sannan ya bi rumfa-rumfa yana ɓata mini suna. Har gobe ban huce ba.

Tsuntsun nan ɗan Ostareliya ne, ƙwansa kwana 18 yake yi, ɗan kuma yakan baro akwati wajen sati 5. Daga nan uban ne ke ci gaba da ɗura masa. Yaye sai ya kai sati 6, ni kuwa ba ya fita gidana sai ya cika 8. Kuma uwar tana tsallake kwana ɗaya tsakanin ƙwai da ƙwai, saboda haka autan na iya bin bayan babban da fiye da sati. Kowanne da lissafinsa.

Ku yaran yanzu ido a waya, ku ga tsuntsu ya sa baki a kwano ku ce yana ci. Wasa yake. Zauna ka kalle shi: yana fasa ƙwayar, ɓawo na faɗowa? Rataya zangarniyar gero kusa da ƙasa, da ita suke koyo. Da magariba ka taɓa jakar wuyansa, in ka ji ƙwaya a ciki alhali yini guda bai bi uban yana kukan roƙo ba, to ya kama hanya. Sai ka ga haka sati guda cur. Zancen ruwa da sharar keji ba zan ɓata bakina a kai ba.

Uwar keji na ukun nan ta fara komawa akwati, sabon ƙwai take so, kuma a irin wannan lokacin takan sari 'ya'yan har ta fitar da jini. In ka ga ta fara korarsu, ita za ka ɗauke, ka bar su da uban. Je ka duba autan tukuna, ka zo ka gaya mini abin da ka ji a wuyansa.