Ku Tambaya Mu Amsa: Zaɓen Gwamnan Kano Na 2019 Da Na 2023

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili, na Makka da na Madina da mu nan Jidda, har da 'yan uwa da ke Riyad da Ɗa'if. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan siyasar gida ne, to na tsinci guda uku da suka haɗa hanya, mu je zuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dattijo ne mazaunin Shara Mansur a nan Makka, jikana ne ke rubuta min wannan. Muna da majalisa da muke zama bayan isha'i ana shan shayi, to kwanan nan yara biyu duk 'yan Kano suka kusa ba hammata iska a gabana, ɗaya yana rantsuwa Abba ne ya ci zaɓen 2019 aka ƙwace, ɗayan kuma yana cewa ai ko a 2023 Gawuna kotu ta ba aka murɗe daga baya. Ni na daɗe rabona da gida, siyasar da na sani ta zamanin Rimi da Sabo Bakin Zuwo ce. Dan Allah warware min, a cikinsu wa ke da gaskiya?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri da kuka shiga tsakani. Kowanne a cikin yaran nan wani yanki na labarin ya riƙo ya saki sauran, kuma zaɓe biyu ne daban suke cakuɗawa, bari mu fara da na 2019.

An yi shi ranar Asabar 9 ga Maris, Abdullahi Umar Ganduje na APC yana kan kujera yana neman ya zarce, Abba Kabir Yusuf kuma a lokacin a PDP yake, Kwankwaso ne ya tsayar da shi. Da aka gama tattara abin da ya shigo, Abba yana da ƙuri'a 1,014,474, Ganduje yana da 987,819, wato Abba na gaba da 26,655. To yaron farko a nan ya tsaya, kuma ba ƙarya ya yi ba, a wannan ranar Abba ne a gaba. Sai dai baturen zaɓe bai bayyana kowa ba, yace zaɓe bai kammala ba, inkonkulusib ɗin nan da har yau in aka ambata sai kaga ran wani ya ɓaci. Hujjarsu ita ce hukumar INEC tana da ƙa'ida, in tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu rajista a akwatunan da aka soke ba, to ba a sanar da wanda ya ci sai an koma an sake a waɗannan wuraren, a Kano kuwa mutanen da soke-soken ya shafa sun haura dubu 100 alhali tazarar ko dubu 27 ba ta cika ba.

A lissafi maganar daidai take Baba, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin tambaya shi ne me ya jawo aka soke su tun farko, musamman mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda aka hargitsa wajen tattara sakamakonta cikin dare aka yayyaga takardu har 'yan sanda suka kama wasu manyan jami'an gwamnatin jihar a wajen. Da aka dawo ƙarashen zaɓe ranar 23 ga Maris, Ganduje ya samu 45,876, Abba ya samu 10,239, aka haɗa da na baya Ganduje ya tashi da 1,033,695, Abba 1,024,713, tazara 8,982 kacal a jiha mai ƙananan hukumomi 44. Masu sa ido, har da na Tarayyar Turai, sun ce an yi tashin hankali da razana masu zaɓe a ranar, kuma duk mai ɗan uwa a waɗancan unguwanni ya ji labarin 'yan daba ɗauke da gora da wuƙa a bakin rumfar zaɓe. PDP ta je kotu ta sha kaye a matakai uku, na ƙarshe ranar 20 ga Janairun 2020 da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Ganduje.

To a shari'ance Ganduje ne ya ci, wannan babu ja. Amma ni dai ba zan iya kallon idon mutumin Gama ince masa an yi zaɓe lafiya ranar 23 ga Maris ba. Kuma abin da ya fi damuna da ƙa'idar nan shi ne tana buɗe ƙofa, duk wanda yaga zai faɗi, ko daga wace jam'iyya yake, in ya samu aka fasa akwatuna masu yawa to ya sai wa kansa dama ta biyu, a ranar ƙarashen kuma duk ƙarfin jiha da kuɗinta da 'yan dabanta a 'yan tsirarun akwatuna za su tare. Kafin zaɓen 2023 hukumar ta ɗan gyara, ta koma lissafi da waɗanda suka karɓi katinsu maimakon duk wanda sunansa ke rajista, ya rage amma bai toshe ba.

Sai na 2023, wanda yaro na biyu ke magana a kai. Shi an yi shi ranar 18 ga Maris ana saura 'yan kwanaki a ɗau azumi, bayan an ɗaga shi da mako guda saboda sake saita na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe. Abba a lokacin yana NNPP mai kayan marmari, APC kuma ta tsayar da mataimakin gwamna Nasiru Yusuf Gawuna. Abba ya samu 1,019,602, Gawuna 890,705, tazara 128,897, wannan karon babu maganar inkonkulusib, aka rantsar da Abba ranar 29 ga Mayu. APC ta kai ƙara, ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci ta Zoom, alƙalan ba su zauna a zauren kotun a Kano ba, ta zabtare ƙuri'a 165,663 daga na Abba tace takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata. In ka cire wannan, abin da ya rage masa 853,939 ne, kaga ya koma ƙasan Gawuna kenan, har sai da aka sa dokar hana fita a Kano a daren. Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta ba Gawuna, ta ƙara da cewa Abba ba ya cikin rajistar 'yan jam'iyyar NNPP lokacin da aka tsayar da shi, sannan kwafin hukuncin da aka fitar a rubuce sai ga wani sakin layi a ciki yana ba Abba gaskiya, kotun tace kuskuren rubutu ne, wannan ma ya ƙara rura wutar.

Saboda haka shi ma yaro na biyu ba ƙirƙira ya yi ba, kotu biyu Gawuna suka ba. Inda ya kauce shi ne cewa an murɗe. Ranar Juma'a 12 ga Janairun 2024, ranar da mu nan babu aiki kowa ido na kan waya, wani mai shago a layinmu ya jingina tasa a jikin kwalin madara yana ba mutane canji ido bai bar kanta ba, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a John Inyang Okoro ta rushe hukuncin kotunan biyu ta mayar wa Abba ƙuri'unsa. Tace maganar wane ɗan jam'iyya ne ko ba ɗan jam'iyya ba harka ce ta cikin gidan jam'iyya kuma ta kafin zaɓe, ba hurumin wata jam'iyya ba ne ta zo da ita bayan an gama. Maganar hatimi kuwa, dokar zaɓe ta 2022 da kanta ta ba jami'in zaɓe dama ya ƙirga takardar da ba hatimi matuƙar ya gamsu daga cikin waɗanda hukuma ta raba wa wannan akwatin ta fito, kuma ba a kawo hujjar cewa na bogi ne ba.

A nan kam ina tare da Kotun Ƙoli ɗari bisa ɗari, kuma da ƙuri'un Gawuna aka zabtare haka ma abin da zan ce kenan. Baba ku duba, tsohuwa ta fito tun asuba ta bi layi rana ta dake ta, ta dangwala ta jefa, buga hatimi ba aikinta ba ne aikin ma'aikacin da hukuma ta ajiye ne, sai kuma a ce ƙuri'arta ta tashi a banza don shi bai yi nasa ba? Kamar mutum ne ya sauka a filin jirgi ma'aikaci ya manta bai buga masa hatimi a fasfo ba, gobe a tare shi a hanya a ce shi ne mai laifi. Mu mazauna nan mun fi kowa sanin zafin irin wannan. Ku faɗa wa yaran haka, in sun natsu za su ga jam'iyyar kowannensu ta taɓa cin moriyar kotu kuma ta taɓa kuka da ita.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina da katin zaɓena tun daga gida. Me zai hana a ajiye mana akwati a ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda mu ma mu zaɓi gwamnanmu?

AMSA: Ƙanina Allah ya ba da ilimi mai amfani. Doka ce ta hana, a Najeriya inda ka yi rajista nan za ka jefa ƙuri'a kuma sai ka je da ƙafarka, babu tanadin zaɓe daga ƙasar waje, an kai maganar majalisar tarayya lokacin gyaran tsarin mulki a watan Maris na 2022 ba ta samu shiga ba. Ko ƙasashen da suka yarda da shi ma yawanci a zaɓen shugaban ƙasa suke farawa, na gwamna ya fi wuya don sai an ware ɗan Kano da ɗan Katsina da ɗan Borno kowa da takardarsa. Ni ina goyon bayan a ba mu, mutanen da ke tura riyal gida ana biyan kuɗin makaranta da na asibiti sun cancanci a ji ta bakinsu. Amma a yanzu sai dai in hutunka ya dace da lokacin, ka adana katin kar ya ɓata.

TAMBAYA: Salam Malam, ni 'yar Sakkwato ce ina sana'ar abinci a Karantina nan Jidda. Ƙanina da ke gida yace ya daina zaɓe har abada, wai alƙalai ne ke naɗa gwamna ba talaka ba, na rasa me zan ce masa.

AMSA: Hajiya Allah ya sa wa sana'a albarka. Kar ki ƙaryata shi gaba ɗaya don yana da abin nunawa, maƙwabtanku Zamfara a 2019 APC ce ta kwashe ƙuri'u amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli tace jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani na halal ba, aka zubar da ƙuri'unta duka aka rantsar da Bello Matawalle na PDP wanda ya zo na biyu. Duk wanda ya bi layi a Gusau a shekarar dole abin ya tsaya masa a rai, ko da yake laifin na shugabannin jam'iyyar ne da suka kasa sasanta kansu.

Amma ki tuna masa da jiharsa. A 2019 ɗin dai Sakkwato ma inkonkulusib aka yi, da aka ƙarasa Aminu Waziri Tambuwal ya samu 512,002, Ahmad Aliyu 511,660, tazara 342, mutanen da ko masallacin unguwa ɗaya ba za su cika ba ranar Juma'a, kuma kotu ba ta taɓa wannan sakamakon ba har ƙarshe. A 2023 shi Ahmad Aliyun ya dawo ya ci. Zamfarar ma a 2023 Dauda Lawal ya kayar da Matawalle yana kan kujera, kamar yadda Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Kwankwaso a Kano a 2003, dukansu da ƙuri'a aka yi. Abin da kotu ke dubawa takardu ne, takardun nan kuwa a akwati ake cika su, don haka in ya je kar ya dangwala sai ya juya bayan takardar ya ga hatimi da sa hannu da kwanan wata, in babu ya mayar wa ma'aikacin a gaban ejan-ejan ɗin jam'iyyu, sannan in an gama kar ya wuce gida, ya tsaya a ƙirga a gabansa a cika fom ɗin sakamako a liƙa ya ɗauki hotonsa da waya ya turo miki ki ajiye.

Masu tambaya a kan sabunta iƙama da sauya kafili ku yi haƙuri, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.