An nemi kuɗin beli a ofishin 'yan sanda: mu cire daga baikon gwauraye?

Tambaya: Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a wata majami'ar Katolika a Kaduna. A lokacin Azumin da ke zuwa kafin Ista mun tara baiko don mu sayi masara mu raba wa gwauraye. Yanzu an kama ɗan wata gwauruwa a cikinmu, yau kwana huɗu yana tsare. Yayansa ne ya karɓi kayan wani ɗan kasuwa bashi ya gudu, da aka zo ba a same shi ba sai aka tafi da ƙanen. An ce uwar ta kawo naira dubu tamanin na beli. Fada ya yi tafiya. Wasu mata na cewa in cire daga kuɗin masarar, ai taimako taimako ne. Uwar kullum tana ƙofar gidana tana kuka, ni kuma barci ya gagare ni. Mu biya?

Amsa: Mama, sannu da wannan nauyi. Kada ki taɓa kuɗin masarar nan. Kuma yau za a je wa yaron, ba sai Fada ya dawo ba.

Batun kuɗin ba shi da tsawo. Dokar ikkilisiya, sashe na 1267, ta ce baikon da masu bi suka bayar don wani takamaiman abu, a kan wannan abin kaɗai za a kashe shi. Waɗanda suka sa hannu a aljihu a lokacin Azumi masara aka ce musu. Ke mai riƙon amana ce, kuɗin ba naki ba ne, ba kuma na matan da suka fi ɗaga murya a taro ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar nan ta "taimako taimako ne". Mu da ke aikin adalci da zaman lafiya a ikkilisiya kullum muna karo da ita, kuma daga bakin mutanen kirki take fitowa. An ɗauka cewa kai kuɗi ofishin 'yan sanda a fito da wanda aka tsare aikin jinƙai ne, daidai da ciyar da mayunwaci. Sam ba haka ba ne. Belin 'yan sanda kyauta ne, a ofisoshi da yawa ma an rubuta hakan an manna a bango, wani lokaci daidai saman kantar da ake ƙirga kuɗin. Dubu tamanin ɗin nan ba ta da rasit, ba za ta shiga asusun gwamnati ba, ba za ta rage ko kwabo daga bashin ɗan kasuwar ba. Sunanta cin hanci, ko da daga kwandon baiko ta fito.

Ki duba yadda aka kama yaron ma. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ke aiki a duk faɗin Najeriya, ta hana kama mutum a madadin wanda ake zargi, a sashe na 36. Sashe na 32 kuma ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ko yayan ne aka samu, in dai zancen bashi ne tsagwaronsa babu zamba a ciki, kotu ce wurinsa. Balle ƙane da bai ci nanin ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wane lungu ne a cikin garin Kaduna ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Wannan sashe ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Wato yaron nan shi ke bin bashi, amma mahaifiyarsa ce ke yawon roƙo.

In kuka biya yau, ofishin ya gane cewa majami'ar nan tana biya. Duk yaron da aka kama ya ce daga cocinku yake, farashinsa ya tashi. Wanda aka kama tare da shi a ɗaki ɗaya, wanda ba shi da Zumuntar Mata a bayansa, ko Kirista ne ko Musulmi, shi zai kwana a ƙasa har sai an sayar da akuyar gidansu. Kun fitar da mutum ɗaya, kun ƙara wa kasuwar ƙarfi, gwauraye kuma sun shiga damina babu masara. Mai ba da kuɗin yana komawa gida da farin ciki yana jin ya yi aikin Allah, shi ya sa wannan kuskure yake da wuyar kashewa.

Sai kuma dillalai. Kowace unguwa tana da nata, abin takaici har da cikin majami'a. Mutum ne mai tsabta, yana riƙe da fayil a hammata, yana kiran kowane ɗan sanda da sunansa. Zai ce "ku bar min, na san DPO", ya karɓi dubu tamanin ya miƙa hamsin, ya dawo ya ce sai an ƙara na mai. Ba lauya ba ne, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. In ya ji kun ambaci lauya, shi ne na farko da zai tsorata ku, wai in aka kawo doka za a mayar da maganar fashi da makami. Da wannan tsoron yake cin abinci. Ba na zargin duk uwar da tsoro ya sa ta biya da kuɗinta, domin ɗa ɗa ne. Amma ƙungiyar ikkilisiya mai shugabanni da hatimi da lauyoyi a cikin masu zuwa Misa ba ta da wannan uzurin.

Na san wasu dattawa za su ce zuwa ofishin 'yan sanda da takardar doka siyasa ce, aikin coci addu'a ne da raba hatsi. Ban san inda suka samo wannan ba. Tun 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ta koyar cewa a fara biyan abin da adalci ya wajabta, kada a ba mutum abin da yake haƙƙinsa da sunan sadaka. A 1967 Paparoma Bulus na Shida ya kafa hukumar Adalci da Zaman Lafiya, daga nan ofisoshin JDPC, wato ofisoshin adalci, ci gaba da zaman lafiya na dayosis-dayosis namu (yankunan da bishop-bishop ke kula da su), suka samo tushe. Ubangiji ya lissafa ziyartar na kurkuku a jere ɗaya da ciyar da mayunwaci a Matiyu 25. Sakin yaron nan haƙƙinsa ne. In kuka saye shi da kuɗi, kun nuna wa uwarsa cewa 'yancin ɗanta alfarma ce da ake roƙo.

Ga abin yi. Ki kira ofishin JDPC na dayosis, ki ce kina neman lauya don tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. In an ce miki sai kwamiti ya zauna, ko sai an kawo takarda da sa hannun Fada, kada ki tsaya jira, wannan ciwon namu ne na cikin gida kuma na gaji da shi. Ki kira Fada a waya, ki tambayi katikis ko akwai lauya a cikin 'yan majami'a, yawanci akwai. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya tana da ofishi a jihohi don marasa hali, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma tana karɓar ƙorafi, rundunar 'yan sanda kanta tana da sashen karɓar koke-koke.

Kafin ku tafi, a rubuta ranar da aka kama shi da lokacin, da sunan mai binciken, da abin da aka ce ya yi, da wanda ya ambaci kuɗin. Ku je ku uku ko huɗu cikin kayan Zumunta, da ladabi, ba hayaniya ba zagi. Ku nemi ganin DPO da kansa, ku miƙa takardar neman beli, ku riƙe kwafi. Tambaya ɗaya ce a bakinku: wane laifi ne shi wannan yaron ya aikata da kansa? Ku nemi ganinsa ido da ido, ku kai masa abinci, ku duba jikinsa. In akwai alamar duka, lauya ya sani nan take, domin dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da wannan babban laifi. In aka ce mace ba ta tsaya wa mutum, ba gaskiya ba ne: dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa don kawai mace ce, Tsarin Mulki ma ya hana bambancin jinsi. Mai tsayawa hannu yake sawa cewa zai kawo mutumin duk ranar da aka neme shi, ba kuɗi yake ajiyewa ba. Sau da yawa da zarar an ga lauya da takarda sai zancen ya canza. In an ƙi, lauya zai kai maganar babbar kotu don kare haƙƙin yaron.

Akwai inda kuɗin ikkilisiya yake da amfani a irin wannan hali, kada a ce na hana taimako. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, wasu kuma kotu ta ci su tara kaɗan sun kasa biya, suna zaune wata da watanni. Tarar kotu tana da rasit, biyan ta halal ne kuma alheri ne babba. Haka kuɗin motar uwar, da na shigar da takardu a kotu, da abincin wanda ke tsare. Ku kai wa Fada da kwamitin kuɗi na majami'a shawarar a buɗe asusu dabam don wannan, a sanar a coci da sunansa, kowa ya san abin da yake bayarwa a kai. Wannan gwauruwar kuma ki tabbata sunanta yana cikin masu karɓar masara, domin kwana huɗun nan ba ta je kasuwa ba.