Sankarar mama mai saurin yaɗuwa: kafin ku sayi allurar Herceptin

Tambaya daga wata 'yar uwa a Tudun Wada: An gano sankarar mama mai saurin yaɗuwa a jikin mahaifiyarmu, wani ya ce mu nemi Herceptin. Mu saya?

Allah ya ba Mama lafiya. Kada ku fitar da ko kwabo sai kun ga sakamakon gwajin IHC da ake yi wa tsokar da aka ɗeba daga ƙullun, don auna yawan wani furotin mai suna HER2. Herceptin, wato trastuzumab, yana aiki ne kawai a kan sankarar da furotin HER2 ya yi mata yawa. In takardar sakamakon ta ce HER2 3+, zai iya amfanar ta. In 2+ ce, sai an ƙara wani gwaji mai suna FISH don tabbatarwa. In kuwa 0 ko 1+ ce, wannan allurar asarar kuɗi ce. Akwai nau'in da HER2 da wasu furotin biyu da ake aunawa, ER da PR, duk ke fitowa babu, shi ma mai tsanani ne, amma kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shi ne ginshiƙin maganinsa. Ku kai takardar wurin likitan sankara, kamar a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.

In maganin ya dace da ita, ku yi lissafin tafiyar gaba ɗaya tun yanzu. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa duk mako 3, yawanci shekara guda, tare da kemo a farko. Da nauyin jiki ake aunawa: miligram 8 a kowane kilo a karon farko, sannan 6. Mai kilo 60 za ta karɓi 480, daga baya 360. Abin da ya fi cutar da iyalai shi ne a fara da ƙarfi, kuɗi ya yanke a zagaye na huɗu. Ku faɗa wa likita ƙarfin aljihunku ba kunya. Ana kuma duba zuciya da hoton eko kafin a fara da duk wata 3, domin maganin yana iya raunana zuciyar. Kumburin ƙafa ko haki, a koma asibiti ranar.

Tambaya daga Kawo: Trastuzumab mai araha na wani kamfani, jabu ne?

Ba lallai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan tun 2019. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka saya ta hannun kantin magani na asibiti. Sanyin firji yake buƙata, digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa ba. Kwalbar da aka miƙo maka a leda ba a cikin kula mai ƙanƙara ba, kada ka karɓa.