Dalilin tsadar tikitin kokawar WWE

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa tikitin kallon kokawar WWE, wato kamfanin kokawar nishaɗi na Amurka, ya yi tsada alhali filayen wasan suna cika maƙil. Tun da aka haɗe WWE da UFC, mai shirya gasar faɗan da ya haɗa dambe da kokawa, a ƙarƙashin kamfanin TKO a 2023, aka rage ƙananan wasannin da ba a nunawa a talabijin, ana kuma ɗaga farashi gwargwadon yawan masu nema. Wasannin sun ragu, masu sha'awa kuwa suna da yawa, ga shi shirin Raw, wanda WWE ke nunawa duk mako, ya koma manhajar kallo ta Netflix a Janairun 2025. Abin da ke damuna shi ne magidanci mai matsakaicin albashi, domin kai 'ya'yansa kallon WrestleMania, babban wasan WWE na shekara-shekara, yanzu ya fi ƙarfinsa.