Tambaya da Amsa: Saita Fitilun Mota a Gida

Tambaya: Tun da aka sauya mini fitilar hagu bayan wani ɗan karo a Titin Zariya, direbobin da ke tahowa da dare suke ta walƙa mini babbar fitila, alhali ƙaramar na kunna. Ko zan iya gyara wannan da kaina? Daga wani mai karatu a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Amsa: Malam, da alama fitilar ta ɗaga sama tana kashe wa mutane ido, kuma gyaran ba ya buƙatar bakanike. Da farko ka daidaita iskar tayoyi, ka sauke kayan da ke but, domin ko buhun shinkafa biyu sun isa su ɗaga gaban mota. Bayan magariba ka tsayar da motar daf da katanga a wuri shimfiɗaɗɗe, ka shata alama da alli daidai tsakiyar kowace fitila, sannan ka ja da baya a miƙe har mita 10.

A jikin fitilu da yawa an rubuta 1%, wato a wannan nisan bakin hasken ƙaramar fitila zai sauka santimita 10 ƙasa da alamar. Ka tare fitila ɗaya da kwali, ka riƙa juya sukurorin da ke bayan ɗayar a hankali. Guda na sama da ƙasa ne, guda na gefe. Idan ka ga hasken ya ɗan hau ta dama, ka ƙyale shi, domin an tsara shi ne saboda tuƙi a gefen dama na titi, wanda Nijeriya ta koma kansa a 1972.