Katin 'yan wasan besbol da ka tsinta a sito: dukiya ce ko takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Bronx da ke New York. Ina sayen kayan sito da masu shi suka kasa biyan haya aka yi gwanjonsu, in tsince takalma da kekuna in loda kwantena zuwa gida. A wani sito na tarar da kwalaye uku cike da katin 'yan wasan besbol, wato ƙananan katuna masu hoton 'yan wasan ƙwallon sanda na Amurka. Wani dillali ya taya dala 300 duka, ɗana kuma ya ce irin katin nan ana sayar da guda ɗaya miliyoyi. In sallama, in ajiye, ko in shiga harkar gadan-gadan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kada ka sallama tukuna, kada kuma ka fara lissafin miliyoyi. Juya bayan katin ka duba shekarar da aka buga shi, domin rabin amsarka tana nan.

Idan ka ga 1987 zuwa wajen 1994, to ka kwantar da hankalinka. A shekarun nan kamfanoni irin su Topps, Fleer, Donruss da Score suka yi ta buga kati ba ƙaƙƙautawa, Amurkawa kuma suka yi ta saye suna ɓoyewa a leda da tunanin zai zama jari. Kowa ya saya, kowa ya adana, shi ya sa yau kwali guda na wannan zamanin sau da yawa bai kai kuɗin man da za ka ƙona ka kai shi kasuwa ba. Kuma mafi yawan abin da ake tsinta a sito irin wannan ne. Mai kati mai daraja ba kasafai yake barin sa a ɗakin da ya kasa biya wa haya ba.

Maganar ɗanka gaskiya ce, sai dai ka ji yadda abin yake. A watan Agustan 2022 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da katin Mickey Mantle na Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar ya saye shi ne dala 50,000 a 1991. Me ya kai shi nan? Mantle gwarzon ƙungiyar New York Yankees ne, yaran da suka taso suna kallonsa su ne suka zama attajirai daga baya. Katin nasa, mai lamba 311, ya fito a rukunin ƙarshe na shekarar, lokacin da kakar wasa ta kusa ƙarewa, bai yi kasuwa ba. Jami'in Topps, Sy Berger, ya ba da labarin cewa daga baya sun loda ragowar a jirgin ruwa suka zubar a teku. Waɗanda suka shiga hannun yara kuwa an yi wasa da su, an ɗaure da roba, iyaye mata sun share sun zubar. Wannan ɗaya ya tsira kamar yau aka buga shi.

Haka katin Honus Wagner na Pittsburgh Pirates, wanda kamfanin American Tobacco ya riƙa sakawa cikin kwalin taba tsakanin 1909 da 1911. Wagner ya hana a ci gaba da buga hotonsa, aka tsayar da wuri. Waɗanda aka san suna nan ba su wuce hamsin zuwa sittin ba, ɗaya ya kai dala miliyan 7.25 a 2022. Sauran katin da suka fito tare da shi, shekarunsu ɗaya, amma na ɗan wasan da ba a san shi ba ana samun sa da kuɗi kaɗan. Tsufa kaɗai ba ya sayar da kati. Sai sunan ɗan wasan ya haɗu da ƙarancin katin, sannan lafiyarsa.

Lafiyar nan ita ce inda baƙo yake faɗuwa. Akwai kamfanonin tantancewa, manyansu PSA da SGC da Beckett. Kana aika musu kati, su duba kusurwoyi huɗu, gefe, fuska, da ko hoton ya zauna a tsakiya daidai, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai tauri. Kati iri ɗaya, mai maki 9 zai iya ninka mai maki 5 sau goma ko fiye, alhali idonka da nawa ba za su ga wani bambanci ba. Kamar gwal ne a hannun maƙeri: kai kana ganin launi, shi yana auna karat. Don haka kada ka goge, kada ka danne lanƙwasa da dutsen guga, kada ka kusanto da almakashi. Katin farko da PSA ta tantance wani Wagner ne da ta ba maki 8, wanda ɗan wasan hokin ƙanƙara Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. A 2013 wani dillalin kati mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefen katin, kuma ya yi zaman gidan yari kan maguɗin gwanjo. In manyan harkar na yin haka, ka san irin kasuwar da kake leƙawa.

Ga abin da zan ce ka yi. Ku zauna da yaron ku ware duk abin da aka buga kafin 1980. A ciki ku nemi manyan sunaye: Jackie Robinson, Willie Mays, Hank Aaron, Roberto Clemente, Mantle. Katin shekarar farko ta ɗan wasa galibi ya fi tsada, misali Aaron na 1954 ko Clemente na 1955. A cikin na baya-bayan nan ma ku ware Ken Griffey Jr. bugun kamfanin Upper Deck na 1989, yana da masu nema, ko da yake yana da yawa. Ku kula da jabu da kuma sabon bugu: Topps da kanta ta sake buga jerin 1952 a 1983, kuma an rubuta hakan a baya. Sannan ku shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ku duba farashin da aka riga aka sayar, ba wanda masu kaya suka sa ba. Kowa na iya sa wa kayansa miliyan.

Tantancewa kuɗi ake biya kan kowane kati, kuɗin yana hawa da darajar katin, kuma a kan jira makonni ko watanni. Kada ka aika wanda kuɗin aikinsa zai cinye ribarsa. Ka cire la'ada ma: eBay na ɗaukar fiye da kashi goma cikin ɗari, ga harajin Amurka kan ribar. Kuma ko kusa kada ka sa su a kwantena. Ba mai taya maka katin besbol a Kantin Kwari ko Sabon Gari, zafi da damina kuma za su gama da shi.

Batun shiga harkar gadan-gadan, ban ba ka shawara ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021 lokacin kullen korona, daga baya da yawa suka faɗo, waɗanda suka saya a sama suka kwana ciki. Kati ba ya haihuwa, yana zaune ne sai mai so ya zo, kai kuwa kuɗinka juyawa yake duk kwantena. Sayen fakiti a rufe da fatan dacewa da mai tsada kuma ya yi kama da caca, ka tambayi malamai kafin yaron ya ja ka ciki.

Dillalin nan da ya taya dala 300 ka ce masa albarka, ya ba ka mako biyu. Idan kun tsince ba ku sami komai kafin 1980 ba, kira shi ka karɓi dala 300 ɗinka da hannu biyu. Idan kuma shi ya riƙa kiranka yana ƙara tayi tun kafin lokacin ya cika, to ya ga wani abu a kwalin, sai ka kai wa shagon kati biyu ko uku su duba kafin ka sake magana da shi.